Shekarar da Na Ɗauke Tasar Innarku

Wannan babin ban so rubuta shi ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na ba ku labarin yadda na koyi aikin kafinta, da yadda na gina gidan nan na Ƙofar Marusa ɗaki bayan ɗaki, duk don kada in iso nan. Abin da ya zaunar da ni yau maganar Hadiza ce ta ran Juma'ar da ta wuce. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon tasar da ke rataye a jikin bango, tana waya da ƙanenta, ba ta san ina jin ta ba. Ta ce duk ranar da gidan nan ya dawo hannunsu, wato ranar da na rufe ido ke nan, abin da za ta fara yi shi ne ta sauke tasar Inna ta mayar da ita gindin katanga. Na gaji da gardama, kuma ni bakina ya saba ɓata mini abin da zuciyata ta shirya. Don haka zan rubuta, ku karanta ku duka, sannan ku yi mini hukuncin da kuka ga dama.

Ku kun taso kun ga tasar tana aiki, amma jikokina ba su riski zamaninta ba, bari in faɗa saboda su. Tsohuwar tasa ce mai faɗi, cikin kayan ɗakin innarku Hajiya Asabe ta shigo gidan nan, har fentinta ya goge ta koma launin ƙarfe. Tun kafin a haifi Hadiza innarku ta ajiye ta a gindin katangar da ta raba mu da maƙwabta. Kullum bayan la'asar sai ta zuba ragowar tuwo, ta marmasa shi da miya, in an samu kan kifi ko ɗan nono ta ƙara, sannan ta ƙwanƙwasa gefen tasar da ludayi sau uku. Kafin ka ce kwabo kyanwoyin unguwa sun diro ta kan katanga, na gida da na bola, shida, bakwai, wata rana har goma. Su kafa kai wuri ɗaya su ci, in sun gama su baje suna lasar juna. Ta ce sadakarta ke nan, tunda ita ba ta da ƙarfin gina masallaci. Ni kam ban taɓa son abin ba. Sun sha yi mini kashi cikin garin katako, sun sha kwanciya kan kujerar mutane da na gama shafa wa fenti. In na tashi faɗa, amsarta ɗaya ce, wai in ji da ƙusoshina. Mun fi shekara talatin muna wannan, ban ci nasara ko sau ɗaya ba.

Cikin kyanwoyin nan ɗaya ce tamu ta gida, ita ce Toka, saboda launinta. Ba ta kama ɓera, ba ta faɗa da kowa, kyanwar Lami ce ta gaske, ba cizo ba yakushi. Duk aikinta ta jira innarku ta idar da salla ta haye gefen zanenta ta kwanta.

Ciwon da ya tafi da innarku bai ja lokaci ba, cikin zafin bazara ne. Kwana biyu kafin ta cika, da hantsi, ina zaune bakin gado ta kira ni.

"Malam, tasar nan. Kada ka bari ta wuni ba komi."

"Ki ji da jikinki, Asabe. Wa ke ta kyanwa yanzu?"

"Ni ke ta ita. Ka ce to."

Na ce to. Hadiza na tsaye bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu, ta ji da kunnenta. Bayan an yi bakwai baƙi sun watse, sai ga ni, tsoho mai furfura, tsugune gindin katanga da ludayi ina ƙwanƙwasa tasa. Ran farko kunya ta kama ni ko da yake ba mai kallona. Daga baya na saba, har ya zama a duk wunin Allah lokacin nan ne kawai gidan ke da motsi.

Da ruwan farko ya sauka Toka ta fara canzawa. Ta zo bakin tasa ta shinshina ta ja baya, yawu na zuba daga bakinta, bakin kuma yana wari. Cikin mako uku ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Na ɗauka kewar uwar ɗakinta ce. Masu zama a shagona suka ce ƙadangare ta ci, wai shi ke ramar da kyanwa, in ɗura mata manja. Na ɗura, ta amayar mini a riga. Maman Alheri ce ta leƙo ta kan katanga ta ce in bar wasa in kai ta asibitin dabbobi. Kun san ta, amma don jikoki: Rifkatu ce sunanta, matar Malam Ishaya, tsohon malamin makaranta, Kiristoci ne mutanen kudancin Kaduna. Sun fi shekara ashirin a gidan da ke jikin namu. Katangar gajera ce daidai inda tasar take, a nan ita da innarku kan tsaya hira har miya ta ƙone. Mu kai musu naman layya, su kawo mana shinkafar Kirsimeti. Shekara guda kafin wannan, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam Ishaya, ya tafi da hannunsa na dama da maganarsa.

Na haɗa ɗan akwati da guntayen katako, na sa Toka ciki, na tari kurkura, keken haya mai ƙafa uku. A asibitin kowa da ragonsa, ko saniya, ko kwandon kaji, ni kaɗai ne da kyanwa. Wani mai awaki ya dube ni ya ce, Baba, abin har ya kai haka? Likitar yarinya ce, ba za ta girmi autata ba. Ta ɗaga leɓen Toka ta nuna mini dasashinta, fari fat, ba alamar jini. Ta ɗebi jini, ta ce in dawo bayan mako guda, don abin gwajin sai an aiko musu da shi daga wani gari. Da na koma ta jawo mini kujera, tun daga nan na san ba alheri.

"Baba, ciwon nan sankarar jini ta kyanwa ake ce mishi. Ƙwayar cuta ke kawo shi, ta karya mata garkuwar jiki, shi ya sa ƙaramin ciwo ma ke kayar da ita. Ba shi kama mutum, kada ka ji tsoro don jikokinka. Amma ba shi warkewa."

"To mi za a yi, ɗiyata?"

"Duk abin da ya taso mu yi maganinshi, gyambon bakin, zazzaɓi, mura. A ba ta abinci mai laushi. Tana iya yin wata shida, tana iya wuce shekara."

"A ina ta samo shi?"

"Wurin wata kyanwar. Ta yawu yake bi, lasar juna, cizo, ci a kwano ɗaya. Tana ci da wasu?"

Na ce kaɗan-kaɗan. Allah ya yafe mini, kyanwa goma nake kira kaɗan-kaɗan.

"To daga yau a raba su, Baba. A tsare ta a gida, kwanonta daban. In akwai inda suke taruwa su ci, a daina. Ƙanana ya fi saurin kamawa, a kula da wannan."

A cikin kurkura, da akwatin bisa cinyata, na yi ta tuno kyanwoyin da suka zo tasar nan shekara da shekaru. Wani baƙin muzuru da ya rame ya ɓace. Wata mai jan kunne da idonta ya yi ta ruwa, ita ma aka daina ganinta. Innarku kan ce mota ce ta take su, ko masu su sun tashi daga unguwa. Kafin mu iso Ƙofar Marusa na gane abin da ba na son ganewa. Tasar da ta ciyar da su ita ke raba musu ciwon, kuma mai yiwuwa a cikinta Toka ta ɗauka.

Ga abin da na yi, kuma ba zan shafa masa fenti ba. Na ɗauki rabin maganar likita, rabin da ba ya ciwo. Magani ban taɓa tsallake shi ba. Amma la'asar na yi na ɗauki ludayi na ƙwanƙwasa tasa kamar ba a gaya mini komai ba, Toka kuma na bar ta sake. Na ce wa kaina na yi wa mamaciya alkawari. Na ce wa kaina ai tun muna yara muke jin wa'azin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ni ba zan kulle ta innarku ba. Can ƙasa kuma akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. In na ɗauke tasar sai an tambaye ni dalili, in na faɗi dalili kuwa na ce sadakar Asabe ta shekara talatin cuta take rabawa, alhali ƙasar kabarinta ba ta gama kwanciya ba. Bakina ya ƙi ɗaukar wannan.

Jinyar kuwa ta ci ni. Ban san ƙaramar dabba na iya gajiyar da babban mutum haka ba. Da safe in naɗe ta cikin tsohon zanen innarku, in jiƙa auduga da ruwan gishiri mai ɗumi in goge mata gyambon baki tana kuka ƙasa-ƙasa. In dama koko da ƙwai da romon kifi, in zuƙa a sirinji marar allura, in riƙa ɗiga mata ta gefen baki. Rabi ya shiga, rabi ya bi mini hannun riga. In daka ƙwayar magani in cuɗa, ta gane, ta tofar, in sake. Sau uku a wuni. Bakin ya lafa sai mura ta taso, hanci ya toshe, ido ya manne da kwantsa. Mura ta tafi sai gudawa, in yi ta wankin tsummoki kamar mai jego. Duk mako biyu ina cikin kurkura da akwati, har masu raguna suka san ni suna ce mini Baba mai mage. Shago na wuni rufe, wanda ya ba ni aikin gado ya gaji ya kwashe katakonsa. Gwiwoyina suka kumbura saboda tsuguno. Akwai ranar da na zauna da sirinji a hannu na ce mata, ke Toka, ko ki warke ko ki tafi, ni na gaji. Ta dube ni ta lumshe ido. In ta samu kwana biyu na sauƙi kuwa, sai ta lallaɓa zuwa gindin katanga ta cusa kai cikin 'yan'uwanta, ni kuma in tsaya ina jin daɗi wai ta ci da kanta.

Mako uku da dawowata daga jin sakamakon, Alheri, ɗiyar maƙwabtan namu, ta zo ganin gida ta kawo wa babanta ɗan kyanwa daga ƙauyensu, fari mai baƙin wutsiya, bai fi tafin hannuna biyu ba. Suka sa masa Auta. Ɗan abin nan bai zaɓi wurin kwanciya ba sai kan mataccen hannun Malam Ishaya. Mutumin da ya shekara yana kallon bango ya fara kai hannun hagu yana shafa shi. Wata safiya ina shanya tsummoki na ji Maman Alheri na kirana ta kan katanga.

"Baban Hadiza! Baban Hadiza! Ya yi magana! Ya ce Auta!"

Na taya ta murna da zuciya ɗaya, Allah ne shaidata. Bayan kwana biyu na ƙwanƙwasa tasa, sai ga Auta ya biyo manya ya diro. Ya kutsa ta gefen Toka ya sa baki. Da suka gama Toka ta danne shi da hannu ɗaya ta shiga lashe masa kai da kunnuwa, da bakin nan da nake gogewa kullum da auduga. Ina tsaye da ludayi, maganar likita na amsa-kuwwa a kunnena, ƙanana ya fi saurin kamawa. Na ɗaga ludayin zan kore shi ke nan sai Maman Alheri ta leƙo tana dariya.

"Bar shi, Baban Hadiza. Ai ya san gidan albarka. Da Hajiya na nan da ita za ta fara ba shi."

Na sauke hannu. Na ce, "Haka ne."

Kalma biyu ke nan, kuma duk abin da ya biyo baya daga cikinsu ya fito. Na yi niyyar gaya mata gobe. Goben ta zo na ce sai na samu yadda zan faɗa ba tare da na taɓa innarku ba. Haka damina ta yi ta tafiya. A tsakiyarta na tare Malam Liman bayan azahar, don in samu wanda zai ɗaure mini gindi.

"Allah gafarta Malam, matar nan da aka ce ta shiga wuta don ta kulle kyanwa. In mutum ya kulle tashi saboda ciwo fa?"

"Malam Lawal, ai ba kullewar kaɗai ta kai ta ba. Ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Kai kana ciyar da taka?"

"Har da sirinji."

Ya yi dariya har rawaninsa na motsi. "To mi ya rage?"

Babu abin da ya rage. Ni ma na san ƙarshen wa'azin nan tun ina yaro, rabinsa kawai na zaɓa na riƙe. Duk da haka na dawo gida, la'asar ta yi, na ƙwanƙwasa tasa. Wata huɗu cur na yi a haka.

Ruwa na gab da ɗaukewa Maman Alheri ta yi sallama a ƙofar gida, abin da ba ta saba ba, don ta katanga muke magana. Ta shigo da Auta naɗe cikin tawul.

"Kwana uku bai ci ba. Kai da ka saba da asibitinsu, duba mini bakinsa."

Na ɗaga leɓen. Fari fat. Na ce ta shirya in raka ta wurin likita da safe, ban ƙara komai ba. Tana fita na je gindin katanga na ɗauki tasar, na wanke ta da toka da ruwan zafi, na buga ƙusa a bango na rataye ta. La'asar ta yi kyanwoyin suka zo suka jeru a kan katanga suna kallona. Sun fi mako biyu suna zuwa suna kuka, ni kuma in shige ɗaki in turo ƙofa har su gaji su watse. Toka kuwa na yi mata ɗaki a gindin bishiyar lemo, katako da ragar waya, da rufi, da ɗan benci inda rana ke sauka da hantsi, tsayinsa ya kai in shiga in zauna. Kwana biyu ya ɗauke ni. Aikin kwana biyu ne na yi wata huɗu ina gudu.

Ran nan Hadiza ta taho daga Ƙofar Sauri da kwanon abinci. Ko gaisuwa ba mu gama ba idonta ya sauka a bango.

"Baba, mi tasar Inna ke yi a ƙusa?"

"Na ɗauke ta."

"Inna ko shekara ba ta yi a ƙasa ba, Baba. Ni na ji da kunnena ka ce mata to."

"Na ce."

"Kuma ka kulle mata kyanwa cikin keji sai ka ce kaza. Dama can ba ka son su. Jira kake ta kau da kai."

"Likita ta ce a yi haka."

"Likita ta hi Inna?"

A nan ya kamata in zaunar da ita in warware mata komai. Na dubi fuskarta, fuskar uwarta sak, har yadda take taune leɓe in ranta ya ɓaci. Na ga ba zan iya ce wa wannan fuskar tasar uwarki ce ta kashe kyanwar uwarki ba, ga kuma nawa laifin da zai fito tare da shi. Sai na ce, "Gidana ne." Ta ajiye kwanon a ƙasa ta yafa mayafi ta fita. Wata biyar ba ta tako gidan nan ba. Abinci dai ba ta yanke ba, amma mijinta ke kawowa, ya gaishe ni a zaure yana sunkuyar da kai. Ku na nesa kuka yi ta bugo waya kuna tambaya ko lafiya nake, da irin muryar da ake yi wa wanda ake zaton tsufa ya fara taɓa masa kai.

Auta bai yi jinya irin ta Toka ba, ƙaramin jiki ne. Gwaji ya nuna ciwon ne. Mako uku ya yi ya tafi. Likitar ta ce ba za ta rantse a ina ya ɗauka ba, yana yiwuwa tun daga cikin uwarsa ya taho da shi. Na so in rataya a jikin wannan maganar, na kwana biyu ina gwadawa, ta ƙi ɗaukata. Ran na uku na sa hula na zagaya ta ƙofarsu. Malam Ishaya na kan kujerarsa a baranda, kujerar da ni na yi masa, hannun dama ajiye bisa cinya ba komai a kai. Maman Alheri na tsince shinkafa. Na zauna a kan tabarma na faɗa mata duka, tun daga ranar da likita ta jawo mini kujera. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye farantin.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin a kawo shi."

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Ranar da na ce ka bar shi ya ci, ka sani?"

"Na sani."

"Kalma ɗaya, Baban Hadiza. Da ka ce mini rufe shi a ɗaki, da na rufe. Ba sai ka gaya mini dalili ba ma. Katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Na ce na yi kuskure, ta yafe mini. Ta dubi mijinta, ta gyara masa hular sanyi, sannan ta juyo.

"Na yafe, don an umarce mu mu yafe. Amma ka bar ni tukuna."

Na tashi. Ina saka takalmi na ji Malam Ishaya ya ce "Auta," a hankali, kamar mai tambaya. Ya yi ta kiran sunan kusan mako guda, muna jiyowa ta kan katanga, daga nan ya daina. Ban sake jin wata kalma daga bakinsa ba. Matar nan ba ta gaya wa kowa a unguwa abin da na yi ba, shi ya sa har yau ba ku ji ba. Kirsimeti ta zo ta aiko da shinkafa kamar kullum, har da cinyar kaza. Amma ba ta ƙara tsayawa bakin katangar ba. Bayan shekara suka tattara suka koma garinsu, ni na ɗaure musu kujerar a saman mota.

Toka ta kai har bazara. Cikin ɗakin ragar ta fi samun sauƙi, don ta daina kwaso mura a waje, har ta ɗan yi ƙiba wajen sanyi. Daga baya wani ƙulli ya fito mata a wuya, numfashi ya yi wuya, sirinji ma ta daina karɓa. Nakan shiga in zauna kan ɗan bencin da ita a cinya. Wata safiya na kawo ruwan gishiri na tarar ta miƙe bisa zanen innarku, saura kwana tara innarku ta shekara. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji sauƙi ne, irin na wanda aka sauke wa buhu. Kuka daga baya ya zo, ina cikin haƙa rami a gindin lemo, kuma ban san ko na Toka ba ne ko na Asabe. Ranar addu'ar shekara Hadiza ta dawo gidan, ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa. Ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba, muka rufe ta haka nan da ƙurji a ciki.

To Hadiza, ga shi kin ji. Innarku ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Ta ga masu yunwa ta ciyar da su, ba ta san komai ba, kuma ina kyautata zaton Allah ya cika mata ladanta. Ni ne na sani. Shekara da shekaru kina riƙe da ni a kan na ɗauke tasar, na kuma bar ki, don wannan laifin ya fi mini sauƙin ɗauka a kan na gaskiya. Laifina wata huɗun nan ne da na bar ta a ƙasa, da kalmar da na hana Maman Alheri, matar da ta riƙa wanke innarku lokacin da take kwance ciwo. Na cika alkawarin mamaciya da abin da ya rage wa mai rai, mutumin da kalma ɗaya tak ta dawo bakinsa.

In sadaka kike so ki yi wa uwarki, hanyoyinta da yawa, kuma zan fi kowa murna. In kyanwa kike so ki ciyar, ki ɗauki taki, ki kai ta a duba ta, ki ba ta kwanonta ita kaɗai. Tasar kuwa taki ce, na bar miki ita tun yanzu, ƙannenki shaida ne. Har gobe in la'asar ta yi hannuna kan nemi ludayi, sai in tuna in zauna, don haka na san abin da kike ji in kin kalle ta. Amma ƙusar da na rataye ta 'yar inci shida ce, da gangan na zaɓe ta, na buga ta har wuya. Ki bar ta inda take.